Sigina: Harshen da Mutum-mutumin Masana'anta Yake Ji

A shekarar 1961 kamfanin General Motors ya girka wani hannun ƙarfe mai suna Unimate a masana'antarsa da ke jihar New Jersey a Amurka. Aikinsa shi ne ɗauko sassan mota masu zafi daga injin zubi ya jera su, aikin da ke ƙona ma'aikata. George Devol ne ya ƙirƙiro shi. Yau jikokin wannan na'ura, ƙirar FANUC da Yaskawa na Japan, da KUKA na Jamus, da ABB, sun cika masana'antun duniya suna walda da fenti da lodin kwalaye. Mai kallonsu a bidiyo sai ya ɗauka suna da wayo. To, mafi yawansu ba ido ba kunne. Duk abin da suka sani game da abin da ke kewaye da su, ta wayoyin lantarki yake iso musu.

Wayoyin nan kashi biyu ne. Akwai na shigowa, waɗanda ke kawo wa mutum-mutumin labari daga waje: ƙofa ta buɗe, kaya ya iso, an danna maɓalli. Akwai na fita, waɗanda shi kuma yake aika nasa saƙon da su: damƙe, saki, na gama. Yawancin saƙon bai wuce e ko a'a ba. Idan akwai wuta volt 24 a kan waya, e ke nan. Idan babu, a'a. A harshen da ake tsara na'urorin ABB, umarnin SetDO yana kunna siginar fita, WaitDI kuma yana sa hannun ya tsaya cik har sai siginar shigowa ta zo. Sauran kamfanoni kowa da irin rubutunsa, amma ma'anar ɗaya ce.

Mu ɗauki mutum-mutumin da ke ɗura wa injin sassaƙa ƙarfe aiki. Injin ya gama sassaƙa, ya buɗe ƙofarsa, ya aiko da sigina. Sai a lokacin hannun zai shiga. Ya kai kan ƙarfen, ya kunna siginar da ke buɗe wa iska hanya ta matse yatsunsa, ya jira wata 'yar sensa ta tabbatar masa lallai ya damƙe. Sannan ya ce wa injin ya saki, ya sake jira har injin ya amsa cewa ya saki. Ya fito, ya sanar cewa ya fita, ƙofa ta rufe. Tamkar lugude ne a turmi ɗaya: kowace taɓarya sai 'yar'uwarta ta tashi take sauka, in kuwa ɗaya ta yi gaggawa sai a yi karo.

A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Mai son sauƙi yakan rubuta cewa hannun ya jira daƙiƙa biyu kawai ya wuce, don a ganinsa ƙofar ba ta wuce haka ta buɗe. Haka za a yi ta aiki lafiya wata da watanni, har ranar da ƙarfin iska ya ragu, ƙofar ta yi nawa, hannun ya afka mata. A ganina wannan ba dabara ba ce, caca ce da kayan miliyoyi. Gwani ba ya dogara da agogo inda zai iya samun amsa. Agogon yakan sa shi ne don wata manufa dabam: idan amsa ba ta zo cikin lokacin da aka ɗiba ba, aiki ya tsaya, ƙararrawa ta kaɗa.

A babban layin aiki na masana'anta, ba mutum-mutumin ne shugaba ba. Akwai wata ƙaramar kwamfuta mai juriya da ake kira PLC, wadda Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da irinta ta farko, Modicon 084, a ƙarshen shekarun 1960. Ita ke zaɓar wa hannun aikin da zai yi, ta ba shi izinin farawa, ta tsayar da shi. Inda siginoni suka yi yawa, maimakon damin wayoyi sai a bi da su ta igiya ɗaya da tsari irin su Profinet ko EtherNet/IP ko Modbus.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tanadi ranar da waya za ta tsinke, domin dole wata rana ta tsinke. Maɓallin tsayawar gaggawa, jan nan, a kullum wuta na bi ta cikinsa. Danna shi yanke ta yake yi. Saboda haka ko ɓera ne ya ci wayar, na'urar tsayawa za ta yi. Layin wutar ma biyu ake yi, kowanne na sa ido kan ɗan'uwansa. Hatta siginar awo, irin ta zafi ko matsi, sau da yawa daga miliampiya 4 take farawa zuwa 20, ba daga sifili ba, don in an ga sifili a san waya ce ta yanke. Ba a banza aka tsananta ba. A 1979 hannun wata na'ura ya kashe ma'aikaci a masana'antar Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan, bayan ya shiga wurin da take aiki. Ƙa'idar ISO 10218 ce a yau ke fayyace matakan tsaron waɗannan na'urori.

Duk mai shirin sayo irin wannan na'ura ya nemi takardar jerin siginoninta tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma tabbatar cikin ma'aikatansa akwai wanda ya iya karanta ta da mitar gwada wuta a hannu.