Kafin a ce masa Dokta: me ke sa ɗalibin likita ci ko faɗuwa a jarrabawa?

Jama'a, a Babbar Kasuwar Yamai da sauran rumfunan Kalley akwai iyaye da dama da ƴaƴansu ke karatun likita. Da gumin ciniki ake ɗaukar nauyin karatun nan, daga ribar atamfa zuwa ta tumatir da tattasai. Idan sakamako ya fito aka ce yaro ya faɗi, sai gida ya ɗauki zafi. Wani ya ce sakarci ne, wata ta ce baki ne, wasu su ce malamai ne suka tsane shi. Mu da ke aikin rediyo mun ga ya dace mu baje maganar a faifai, domin abubuwan da ke sa ɗalibi ci ko faɗuwa sanannu ne, kuma da yawa daga cikinsu a hannun iyaye suke.

Da farko mu san hanyar. Jami'ar Yamai ta soma aiki a 1971, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Sashenta na koyon kiwon lafiya yana Harobanda, ƙetaren kogin Isa. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suna horar da likitoci. Yaro zai shiga da bakaloriyar kimiyya, ya yi shekara bakwai zuwa takwas, kowace shekara da jarrabawarta. A ƙarshe akwai jarrabawar gaban gado, inda ake ba shi majiyyaci ya bincika, ya bayyana wa malamai ciwon da maganinsa. Sannan ya kare kundin bincikensa, ya yi rantsuwa, ya yi rajista a majalisar likitoci. Kafin haka ba shi da izinin cin gashin kansa a aikin.

Abu na farko shi ne tushe. Malaman likitanci a ƙasashe da dama sun lura cewa ƙoƙarin da ɗalibi ya nuna a baya shi ne babban manunin abin da zai yi a gaba. Wanda ya fito sakandare da rauni a lissafi, kimiyyar sinadarai ko Faransanci, a shekarar farko zai sha wuya, domin aji a cike yake, malami ba zai koma baya saboda mutum ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwar da ke burin ɗanta ya zama likita, tun yana koleji za ta fara tambayar makinsa.

Na biyu, yadda ake karatun. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum na saurin manta abin da ya haddace idan bai waiwaye shi ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa bita kaɗan-kaɗan a kwanaki daban-daban, tare da rufe littafi mutum ya tambayi kansa, ta fi haddar dare ɗaya amfani. Ƴan kasuwa sun san wannan. Mai lissafin cinikinsa kowace yamma ba ya ruɗewa, amma wanda ya bari sai ƙarshen shekara, bashi da riba duk cakuɗe masa suke. Shi ya sa ɗaliban da ke haɗuwa uku ko huɗu suna yi wa juna tambayoyi ba hira suke ba, aiki suke.

Na uku, barci da lafiyar jiki. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Ɗalibin da ya kwana gadi a Babban Asibitin Yamai, ko a asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, idan ya dawo gida barci yake bukata, ba aike ba. Shayi mai kauri da kofi na buɗe ido, amma ba sa maye gurbin barci. Ƙwayoyi irin su tramol kuwa halaka ce tsagwaronta. Ga zafin watannin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, ga ɗaukewar lantarki, ga zazzaɓin cizon sauro da damina. Fitila mai caji da gidan sauro ba su kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba, amma suna iya ceton shekara guda.

Na huɗu, zuwa asibiti. Jarrabawar gaban gado ba a cin ta da hadda. Sai wanda ya taɓa ciki da hannunsa, ya saurari ƙirji, ya ga haihuwa sau da yawa. A nan ƴaƴan kasuwa suna da wata riba da ba kowa ya lura da ita ba. Majiyyaci da Hausa, Zabarmanci ko Fulatanci zai faɗi ciwonsa, ɗalibi kuma da Faransanci zai bayyana wa malamai. Yaron da ya tashi a rumfa yana jin harsuna biyu ko uku, ya kuma iya lallashin mai ciniki, ya fi saurin gane abin da tsohuwa ke nufi idan ta ce "zuciyata na tashi".

Na biyar, aljihu da lokaci. Daga Kalley zuwa Harobanda sai an ƙetare gada, kullum da kuɗin taksi ko faba-faba, ga fotokofin darussa, ga abinci. Kuɗin tallafin da gwamnati ke bai wa ɗalibai, wato burs, jinkirinsa ya sha haddasa yajin karatu, kuma a shekarun 1990 an yi shekarun da suka tafi a banza ba tare da jarrabawa ba. Wannan ba a hannun iyaye yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ɗora wa yaro tsaron shago ana saura mako biyu jarrabawa. Ƴa mace ta fi shiga wannan matsi. Ta dawo daga asibiti, tukunya na jiranta, wanki na jiranta, alhali ɗan'uwanta namiji na ɗaki da littafinsa. Idan aure ya zo a tsakiyar karatu, iyaye su zauna da miji da danginsa tun kafin ɗaurin aure, a yi magana a fili kan kwanan gadi da lokacin jarrabawa. Mun san yadda mata da yawa ke fi son likita mace ta duba su. To, daga gidajenmu za ta fito.

Sai tsoro. Tun yaro na shekarar farko unguwa ta fara kiransa Dokta, ana kawo masa takardun magani ya duba. Wannan nauyi ne, kuma haɗari ne gare shi da mai ciwon. Idan ya faɗi, kunya kan sa ya ɓoye, wani ma ya bar karatun a asirce. Maimaita aji ba ƙarshen hanya ba ne. A tambaye shi darasin da ya kayar da shi, a nemo masa na gaba da shi su yi bita tare.

Wasu za su ce me ya sa ba za a sassauta jarrabawar ba, tunda ƙasarmu ba ta kai ko likita ɗaya ga mutum 10,000 ba? Amsar tana maƙwabta. A Najeriya, ko wanda ya gama likitanci a ƙasar waje sai ya zauna jarrabawar majalisar likitocin ƙasar kafin a ba shi lasisi. Dalili kuwa shi ne, wanda aka tsallakar da alfarma, gobe shi zai riƙe wuƙar tiyata a kan ɗiyarki ko mahaifinka. Don haka masu neman kamun ƙafa wajen malamai su ji tsoron Allah.

Alhaji, Hajiya, ba sai kun iya Faransanci ba kafin ku taimaka. Ku ba yaro wurin karatu mai shiru, abinci a kan kari, kuɗin mota, da hutun aike a lokacin jarrabawa. Ku riƙa tambayarsa ko yana zuwa asibiti. Sauran kuma ƙoƙarinsa ne da addu'arku. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a, ya sa su amfani al'umma.