Yaya yaro yake zama injiniyan wutar lantarki?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a garuruwanmu da yawa yau akwai fanfo mai aiki da hasken rana. Akwai injin niƙa. Akwai firji na ajiyar magani a gidan likita. Amma ran da ɗayansu ya tsaya, sai gari duka ya zauna jiran mutum guda daga Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Mata su koma rijiya da guga. Bisashe su yi ta kewaya kwami babu ruwa.

Sai ka ji dattijo yana cewa: ina ma ɗan garin nan ne ya san aikin! To, ɗan garin nan yana iya saninsa. Sai dai hanyar tana da tsawo, kuma daga ƙauye take somawa. Mu bi ta daki-daki.

Wane ne injiniya?

Mai gyaran wuta daban, injiniya daban. Mai gyara yana ja waya cikin gida, yana sa ƙwai, yana canza abin da ya ƙone. Sana'a ce mai daraja, ana koyonta a cibiyoyin koyon sana'a. Shi kuwa injiniya, shi ne mai auna aiki tun ba a soma ba. Shi zai ce wuta kaza ta ishi gari kaza. Shi zai faɗi kaurin wayar da za a sa, da girman injin da za a saya. In ya yi kuskure a takarda, dukiya ta ƙone a fili, wani lokaci har da rai. Shi ya sa ba a ɗaukar kowa sai wanda ya iya lissafi sosai.

Shekara nawa ake yi?

Mu ƙirga tare. Lakwal ta farko shekara 6 ce. Kwaleji shekara 4, ƙarshenta jarrabawar BEPC. Lise shekara 3, ƙarshenta jarrabawar bakaloreya, wadda yara suke cewa bak. Shekara 13 ke nan. Bayan bak, a yi shekara 3 a babbar makaranta a samu takardar da ake kira lisans. Sun zama 16. Mai son cikakkiyar takardar injiniya sai ya ƙara 2, su zama 18.

Wani zai ce abin ya yi yawa. Amma wanda ya bar ɗan gawo a gonarsa ya san ba bana zai sha inuwarsa ba. Duk da haka ba ya sare shi.

Inda hanya take rabuwa

Ga maganar da muke so kowa ya riƙe. Ba a bakin jami'a ake zaɓen injiniya ba. Tun a kwaleji ake zaɓensa.

In yaro ya ci BEPC ya shiga lise, sai a raba ƴan makaranta bisa makinsu. Akwai sashen A, na harsuna da tarihi. Akwai sashen C, na lissafi da fizik, wato sanin yadda zafi da haske da wuta da motsi suke aiki. Akwai sashen D, na lissafi da sanin rayuwar mutum da dabba da tsiro. A lise ta koyon fasaha, kamar ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai sassa irin su E da F, inda yaro yake haɗa karatu da aikin hannu.

Makarantun injiniya suna neman mai bak ta C, ko D, ko E, ko F da ta shafi wuta. Mai bak ta A yana da hanyoyi masu kyau a gabansa, amma wannan ba ta cikinsu. Wanda ya yi rauni a lissafi tun kwaleji, da wuya a tura shi C ko D.

Lissafi kamar ginin rumbu yake. Yau a ɗora, a bari ya sha iska, gobe a ƙara. In an tsallake jeri guda, na sama ba ya tsayawa. Ana komawa lakwal cikin watan Oktoba, daidai lokacin girbi. Uba ya ce yaro ya tsaya wata guda a gama ɗaurin hatsi. Makiyayi ya ce yaro ya bi garke har a sauko daga arewa. Wata guda ba komi ba ne a ido. Amma a cikinsa mushe ya wuce darasin da sauran shekara take tsaye a kansa. Jarrabawa kuma tana zuwa wajen faɗuwar damina, sa'ad da kowane hannu yake da aiki a gona. Nan ma sai an yi haƙuri an bar yaro da littafinsa.

Takardun da ake nema

Ban da takardar cin bak da takardar maki, ana neman takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa. Nan ne ƴan ƙauye da yawa suke tuntuɓe. Yaro mai ƙoƙari ya kai ajin jarrabawa, a nemi takardar haihuwa, babu. In an yi haihuwa, a sanar da hukuma tun da wuri a karɓi takarda. Wanda lokaci ya wuce masa, sai a je gidan shari'a da shaidu. A duba kuma a ga sunan yaro da shekararsa iri ɗaya ne a kowace takarda. Harafi guda yana iya tsai da magana wata da watanni.

Wasu makarantu suna duba maki su zaɓa. Wasu suna shirya gasar shiga. Wurare kaɗan ne, masu nema suna da yawa. Maki 10 cikin 20 ya isa a ci jarrabawa, amma mai 14 a lissafi yana gaban mai 10.

Ina ake karatun?

A Maraɗi akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da sashen koyon aikin lantarki. A Yamai akwai makarantar EMIG, mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, har da na lantarki. Batun taimakon kuɗin karatu kuwa, hukumar ANAB ake kai wa takardu. Ba kowa yake samu ba. Gida ya shirya wa kuɗin mota da na abinci, ko da ɗan akuya ne za a ware tun yanzu.

Me ake koya?

An raba shekara zango 2. Kowane darasi yana da nauyinsa, ana ce masa kiredi. Kowane zango kiredi 30 ne. Sai an tara 180 ake samun lisans. Darasin da aka faɗi bashi ne, sai an biya.

A farko lissafi ne da fizik, da zanen aiki, da kwamfuta, da Faransanci da Ingilishi. Daga nan a shiga yadda wuta take bin waya, da yadda ake auna ta, da yadda moto da janareto suke aiki. A ƙarshe a koyi rarraba wuta cikin gari, da kare mutane da kaya daga haɗarinta, da wutar hasken rana. Kafin a ba da takarda, ɗalibi zai yi makonni yana koyon aiki a ma'aikata. Ya rubuta abin da ya yi, ya kare shi a gaban malamai.

Ga ɗanɗano kaɗan. Wuta kamar ruwan fanfo take. Ƙarfin turawa shi ne bolt. Yawan abin da yake gudana shi ne ampa. In an ninka su, a samu wat. Wutar gida bolt 220 ce. Injin da yake jan ampa 5, wat 1100 yake ci. Waya siririya kamar ƙaramar hanyar ruwa ce: in an tura mata fiye da ƙarfinta, sai ta yi zafi. Shi ya sa wutar da za ta yi tafiya mai nisa ake ɗaga ƙarfinta. Layin da ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai bolt 132000 aka gina shi. In an ninka bolt sau 2, abin da yake ɓacewa a hanya sai ya koma kashi 1 cikin 4. Irin wannan lissafi ne abincin injiniya kullum.

Akwai aiki?

Kamfanin NIGELEC yana nan tun 1968. Akwai tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren, cikin jihar Agadas. An buɗe tashar hasken rana a Malbaza a 2018, da wata babba a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Har yanzu ƙauyukanmu mafi yawa ba su da wuta. Kowane fanfo da kowane garka mai injin ban ruwa yana bukatar masani.

Na gida ya taɓa yi

Kada wani ya ce wannan karatu ba namu ba ne. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya zama babban malamin fizik. Ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa, ONERSOL, tun 1969, zamanin da mutane kaɗan ne suka yarda rana za ta yi wa ɗan Adam aiki. Ya rasu a 1991. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Kuma wuta ba ta san namiji ko mace ba. Yarinyar da ta iya lissafi, a bar ta ta ci gaba.

To, jama'a, ga abin yi a wannan wata. Kowa ya nemo takardar makin ɗansa ko ɗiyarsa. Yanzu mun iya karatu, ba sai an karanta mana ba. A duba layin lissafi. In ya gaza 10, a je a ga mushe tun da sauran lokaci. In ya haura, a saya wa yaro fitila, a rage masa aiki da dare. Da safe ake kama fara.