Mushe bayan antiriti: ina za shi?

Wasu mushen lakwal in sun yi antiriti, sukan tafi wata ƙasa su ci gaba da karantarwa. To, wace ƙasa?

Hausar Kano da ta zangon Kumasi za ta ja mutum, amma can da ingilishi ake karatu, kuɗinsu kuma naira ne da sidi. A Benin, Togo da Kodibuwar kuwa, faransanci ne cikin aji, sefarmu ce a kasuwa. Fanshonsa ba ya bi ta hannun ƴan canji. Cadi da Kamaru ma sefa gare su, amma ba irin tamu ba, sai an canja.

Sai zancen jiki. Tsohon da ya saba da busasshiyar iskar Damagaram, danshin Kwatano na iya kwantar da shi. Gara Paraku: ta fi kusa da gida, ga kuma zango.