Kwalara: yadda ƙwayar ke kama hanji

A watan Yuli na 2018 amai da zawo ya ɓulla a Madarunfa, daga baya ya iso Ƙonni da Malbaza. A 2021 ya sake komowa jahar Tawa. Mai karatu zai ce, hanji ai magudana ce, kome ya shiga wucewa yake. To ƙaƙa ƙwayar ke samun wurin zama?

Asirin yana ga wasu siraran zaruruwa na furotin da ke tsiro mata, masana na ce musu TCP. Da su ƙwayoyin ke riƙe juna, su yi cincirindo a bangon ƙaramin hanji kamar ƙarangiya a bakin riga. Wani furotin kuma, GbpA, shi ke liƙe su ga yauƙin hanji. Da sun zauna daram, dafinsu ya shiga tatse ruwan jiki.

A 1988 likitoci a Amurka suka shayar da wasu masu sa kai ƙwayar da aka raba da wannan zare. Ba ta kama ba, ba wanda ya yi zawo.

Amma wadda ambaliya ke zubawa cikin rijiyoyin fadama, ba wanda ya cire mata kome. Maganinta tafasa ruwa ko jabel.