Man Fetur da Itacen Gona: Darasi daga Karkarar Kano

Wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano ya iso Rijiyar Zaki a yau, abin da zai tarar shi ne gidajen bulo da kantuna da gidajen mai. Amma kafin birni ya miƙo ƙafa, wannan wuri gonaki ne, watau yanki ne na karkarar nan mai yawan jama'a wadda ta kewaye Kano, wadda Michael Mortimore ya yi nazarinta tun cikin shekarun 1960. Irin zaman da aka yi a can yana da abin da zai koya wa zamanin da mai ya fara ja da baya.

A wannan karkara manomi ba ya kayar da itacen gonarsa, sai dai ya rage masa rassa. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace bishiya da mai ita. Da rani akan labta wa jaki itace a kai birni, sa'an nan ya komo da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gona. Birni ya sami abin girki, gona ta sami taki, ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Bayero kan itacen girki, wanda aka buga a 1990, ya nuna itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba, duk da farin 1973 da yawan buƙata.

Mai ne ya sāke wannan tsari. An same shi a Oloibiri a 1956, aka buɗe matatar Kaduna a 1980. Kananzir ya yi araha, risho ya shiga ɗakin girki, a-kori-kura ta karɓe aikin jaki. To, amma arahar ba ta ɗore ba. A 2005 Nijeriya tana haƙo fiye da ganga miliyan 2 kowace rana. A Satumban 2022 abin bai kai miliyan 1 ba, saboda sata da fasa bututu da tsufan rijiyoyi. Da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Tsadar kananzir da gas ta mayar da magidanta ga gawayi, alhali gawayi ba reshe yake ci ba, bishiya sukutum yake ci. Daɗin daɗawa, hayaƙin mai da kwal da duniya ke ƙonawa yana tsare zafin rana a sararin sama, damina kuwa sai ƙara rikicewa take yi. Gonar da ba ta da itace ita ce ta fi shan wuya. Gawo, alal misali, yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Manoman Maraɗi sun gane haka. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma a gona, har itatuwa suka komo a miliyoyin kadada. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai maganin yana buƙatar ƙasa, ƙasar kuwa ita ce ake yankawa fuloti-fuloti daga Rijiyar Zaki zuwa gaba. Saboda haka duk shirin rage dogaro da mai a Kano wajibi ne ya fara da tsare gonakin da suka saura, da itatuwan da ke cikinsu.