Hana Mai Ciwon Hanta Nama Ba Magani Ba Ne

A Zangon Hausawa na Tamale a Gana, da zarar gwaji ya nuna mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, hukuncin gida kan riga na likita fitowa: ba nama, ba ƙwai, ba wake, ko ƙosai kada ya taɓa. Sai koko da tuwo. Kafin a ankara, magidanci ya rame kamar ba shi ba.

Tsoron yana da tushe. Idan jiki ya sarrafa furotin, naitirojin ɗin da ke cikinsa yakan fita a matsayin amoniya, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa. Hanta ce ke kama ta, ta mayar da ita yuriya, wato sinadarin nan da manoman shinkafa da masara ke saye a buhu. Ƙoda kuma ta tace ta, ta fita a fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano yadda aikin yake a 1932, a Jamus. Wani sinadari mai suna onitin ne ke ɗaukar kayan, ya sauya kama zuwa sitrulin, sannan ajinin, ya sauke yuriya, ya dawo fanko, kamar keken kwasar shara da ke zagaya unguwa.

Idan hanta ta ƙeƙashe, amoniya sai ta taru. Majinyaci ya koma barci da rana, ido biyu da dare, in ya miƙa hannu tafinsa na kaɗawa, har ya kasa gane 'ya'yansa. A nan ake cewa iska ce ta taɓa shi, a yi ta turare, alhali Asibitin Koyarwa na Tamale ya kamata a nufa.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne tsoka ma tana shanye amoniya. Wanda aka hana furotin, jikinsa kan cinye tsokarsa, ya rasa mataimakiyar hantar. Shi ya sa likitoci suka bar wannan hanin. Yanzu suna ba mai ƙeƙasasshiyar hanta shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin kullum kan kowane kilo na nauyinsa. Abin da ya fi tayar da ruɗewar ƙwaƙwalwar shi ne taurin ciki, zubar jini a hanji, ko zazzaɓin wata cuta. Maganin laktulos da ake ba irin wannan majinyaci kuwa aikinsa fitar da amoniya ta bayan gida.

Tun 2002 Gana ke yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B. Manyan da suka riga suka kamu fa? Sau da yawa ana gwada su a taron gangami, a miƙa musu takarda, ba wanda ya zauna ya gaya musu abin da za su ci.