Karsanar Sulhu a Tuddan Ruwanda

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Ruwanda.

Sa'ad da wutar fitina ta lafa a wannan ƙasa cikin watan Yulin 1994, bayan kwana ɗari ana zubar da jinin mutum wajen dubu ɗari takwas, akasarinsu Tutsi, babbar musibar da ta saura ita ce, wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa iyali tudu ɗaya suke noma, hanya ɗaya suke bi zuwa kasuwa, kuma babu inda ɗayansu zai ƙaura. Kurkuku ya cika maƙil, alƙalai kuwa wasu an hallaka su, wasu sun yi hijira. Sai hukuma ta raya wata tsohuwar al'ada da ake kira gacaca, wato zaman shari'a bisa ciyawa, inda mutanen da aka shaida da amana suke sauraron ƙara a bainar jama'a, wanda kuma ya yi iƙirari da laifinsa, ya nuna inda aka jefa gawa, ya nemi afuwa, a sassauta masa hukunci. Kafin a rufe kotunan a 2012 sun duba shari'u kusan miliyan biyu, ko da yake ba su kuɓuta daga aibi ba, domin wanda ake tuhuma ba shi da lauya, ba a kuma saurari ƙorafin da ake yi a kan sojojin da suka ci yaƙi ba.

To, amma wanda ya fito daga zaman shari'a ya tarar da rumbunsa fayau, ina zai sami zuciyar yafiya? A 2006 aka fara shirin Girinka, ana ba matalaucin gida saniya, bisa sharaɗin idan ta haifi mace, ya miƙa 'yar ga wani mabuƙaci maƙwabcinsa, ko Hutu ne ko Tutsi. Masu sauraronmu na Nijar za su tuna da habbanayen Fulani, aron karsana ga wanda garkensa ya ƙare. Abin lura a nan, a zamanin sarakunan Ruwanda mallakar shanu na cikin abin da ya raba ubangida da bara, ga shi yau ita ce ke ƙulla mu'amala tsakanin gidajen da a da ko gaisuwa ba ta haɗa su.

A al'adar ƙasar, masu saurare, wanda ya ba ka saniya ya zama amininka har ƙarshen rayuwa.